Ƙyallen Zanen Catherine

Kafanchan,
9 ga Mayu, 1976

Yaya Lucia,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Yaya jikin Mama? Yaya shuka a Manchok? Mu nan lafiya lau.

Albishirinki, Hellen ta yi magana! Kin san tun rasuwar ƙanwarmu Catherine 'yar nan tata ba ta buɗe baki ba. To, a makarantar Lahadi na sa yara suka kawo tsummoki, muka ɗinka 'yan tsana irin waɗanda ake zura hannu a ciki, muna wasan gida da su. Akwai uba, akwai ungozoma, har da direban jirgin ƙasa mai ƙaton tumbi. Hellen ta yi uwa da ƙyallen shuɗin zanen mamarta. Tana zura hannu sai ga murya, wai uwa na kiran yara su zo cin tuwo. Juya baya na yi na share hawaye.

Ƙanwarki,
Paulina

Kafanchan,
24 ga Mayu, 1976

Yaya Lucia,

Ina gaishe ku, da fatan kowa lafiya. Ni kam ko abinci ƙyama yake ba ni.

Baba Silvanus, dattijon ikilisiya, kakan Hellen na wajen uba, ya leƙo ya ga wasanmu. Wai gumaka ne. Wai matacciya ce ke magana a cikin tsumma, su kuma da suka ƙone kayan tsafin dodo da hannunsu ba za su bari a dawo da shi majami'a ba. Mutumin da bai taɓa tambaya ko jikarsa ta ci abinci ba!

Jiya bayan sujada aka tara 'yan tsanan aka zuba kananzir, a gaban yara. Shi da kansa ya ɓamɓare yatsun Hellen daga jikin tata. Matan zumuntar ikilisiya kuwa, su da suka ba ni zare da allura, sai tafi suke suna waƙa. Tir! Har yanzu ƙaurin yana maƙogwarona.

Hellen ba ta yi kuka ba. Ba ta sake cewa uffan ba.

Yaya, don Allah ki duba akwatin Mama. In akwai sauran zanen Catherine, ko ƙyalle ne, ki aiko mini ran kasuwa. A ɗakina zan ɗinka wata. In suna so, su zo su haɗa da ni su ƙone.

Ki gaida Mama, amma kada ki gaya mata.

Ƙanwarki,
Paulina