Tukunyar Iya Alheri

Litinin, 2 ga Satumba 2024

Tun da na ajiye aiki a gidan waya ba ni da abin yi sai bin asalin gidanmu. Na zana mu a babbar takarda har kaka shida. A Nuwamba za a buga, a raba wa dangi ranar taronmu a unguwarmu ta Hausare. Gefen Baba tas: fataken goro ne daga Kano, suka sauka Garwa suka zauna. Gefen Dada, mahaifiyata, ne ke ba ni ciwon kai. Uwarta Iya Alheri ba uba ba uwa a takarda. Na dai rubuta "Kano" a ƙarƙashin sunanta, haka muka taso muna ji.

Asabar, 7 ga Satumba

Achille, wanda muka yi aiki tare, ya jefa ni cikin gurup ɗinsu na masu neman asali a waya. Mutum ɗari da wani abu, Faransanci da Fulatanci da Hausa duk a cakuɗe. Kowa kakansa sarki ne. To su wa suka yi noma? Ni ma dai ban yi shiru ba, sau uku na ambaci Kano.

Alhamis, 12 ga Satumba

An ce kowa ya sa hoton wani tsohon abu na gidansu. Na ciro 'yar tukunyar Iya daga ƙarƙashin gadon Dada. Baƙa ce, ciki ɗaya baki biyu. Ba a taɓa ɗora ta a wuta ba. Ina yaro nakan ga Iya, duk sa'ad da sabon gero ya shigo, ta zuba kaɗan a wannan baki, kaɗan a wancan. Na rubuta a ƙarƙashin hoton: "Kaskon turare irin na Kanawan da." Ni kaina ban san inda na samo wannan ba.

Lahadi, 15 ga Satumba

Wata Simone ta yi min magana ni kaɗai, ba a gurup ba. Ungozoma ce a Maruwa, asalinta wani ƙauye a kan dutse bayan Mora. Hausarta ta kasuwa ce amma ana ji sarai. Ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan ba na turare ba ne. A wajenmu tagwaye ake gina wa irinta." Ta turo hoton tasu. Kamar an tsaga kara.

Na ce mata maginan tukwane suna da yawa a duniya. Raina ya ɓaci, gaskiya.

Talata, 17 ga Satumba

Ban buɗe gurup ba yau.

Juma'a, 20 ga Satumba

Na buɗe. Saƙon murya ne daga Simone, minti shida. Kakarta 'yar tagwaye ce. Shekarar da fara ta cinye gonakin dutsen, aka ba wani bafatake ɗayar, ya bar musu gero. Suna shekara bakwai. Har kakar ta mutu tana zuba sabon gero a baki biyu. Simone ta ce shekara tara ke nan tana bin gurup-gurup saboda wannan yarinya. Sai ta ƙara da cewa, "An ce ƙaramin yatsanta na hagu guntu ne, dutsen niƙa ya cinye shi."

Ban taɓa faɗa wa kowa zancen yatsan Iya ba. Da shi take dungure min goshi in na yi rashin ji.

Na fita har bakin kogin Binuwai na dawo. A hanya nake tuna sau nawa na ce "kirdi", wato arna, a bakin kantar gidan waya, in mutanen dutse suka zo aika kuɗi suka tsaya ba daidai ba. Har Achille ya taɓa ce min, "Malam Tanko, bakinka fa." Kunya ta kama ni, ni kaɗai a kan titi.

Talata, 24 ga Satumba

Na kai wa Dada tukunyar bayan la'asar, tana tsince shinkafa. Shekararta tamanin da biyu, ido ya yi rauni amma kai garau. Na fara kewaye-kewaye, ta katse ni: "Tanko, faɗi abin da ya kawo ka." Na faɗa.

Ba ta ko ɗago ba. "Na sani. In tana zuba geron takan ce, nawa, nata. Ban taɓa tambayar wace ce ba." Na ce me ya sa ba a gaya mana ba? "Ubanka ya ce Kano ta ishe mu."

Can ta ce, "Alheri ai ubangidanta ne ya sa mata. Tambayi matar nan, wane suna uwarta ta sa mata?"

Laraba, 2 ga Oktoba

Yaya Maikano ya ji. Ya zo da babur har gida, ko zama bai yi ba. Wai in na buga wannan abu na zubar mana da mutunci a Hausare, kuma yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. "Wa ya aike ka tonon rami?" Watan jiya da ni ne a matsayinsa haka zan ce.

Takardar tana nan a kan tebur. Na ɗauki abin goge rubutu na ajiye ya fi sau biyar.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Simone za ta shigo motar haya daga Maruwa ranar Asabar, da tukunyarsu a naɗe cikin zane. Na sa an share ɗakin baƙi, ba don komai ba, dama ya yi datti. Na kuma sayi sabon gero tiya ɗaya. Na kunu ne.

Takarda ta tafi wajen mai bugawa jiya. Gyara kaɗan ne, layin Iya ɗaya ya zama biyu, nata da na 'yar'uwarta. Yaya zai yi fushi ya huce, ko kada ya huce.

Simone ta ce sunan da uwar Iya ta sa mata Dumagai ne. Na gaya wa Dada da safe. Ta sa na maimaita har sau uku, a hankali, don bakinta ya saba. Ina fita tsakar gida na ji ta a ɗaki tana kiransa, irin kiran da ake yi wa yarinya ta zo ta ci abinci.