Baƙon Cikin Rumbu

Zuwa ga abokina Bature Mai Tambaya, mutumin ƙasar Folan ta Turai.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, in har kana inda takarda ke samun mutum. Ni ne Nomau na Gozaki, mai rumbu.

Ka zo Funtua ne don ka rubuta wa jaridarku labarin auduga, sai tambaya ta zame maka suna. Da akuya na magana, da ita ma ba ta tsira ba. Kakan ba mu labarin lokacin da Jamusawa suka mamaye ƙasarku, kana buga jarida a ɓoye, kana ɓoye mutanen da ake nema a kashe. Gaskiya mun ɗauka cika baki ne irin na baƙon da ba a san garinsu ba.

Shekarar da gari ya rikice, aka shiga farautar mutanen kudu a Funtua, ka iso gidana a ƙauyenmu Gozaki da Emeka mai gyaran keke, ɗan kudu, kwance ƙarƙashin buhuna a bayan motarka. Siriri ne, duk ƙashi. In aka gan shi kashe shi za a yi, ni kuma a cinna wa gidana wuta. Ka zaɓi babban rumbuna na ƙasa, muka ɗage jinka, ya zurma ta bakin ba tare da ya taɓa gefe ba. Ka miƙa masa kasko don lalurarsa.

Sannan ka kafa mini doka: kada kowa ya sani, ko da Tabawa matata. Ka ce, "A ƙasarmu bakin mutum ɗaya ya kashe unguwa guda."

Ni na riƙe amana. Tabawa ce ta hau ɗebo dawa, dawa ta ce mata sannu da aiki. Ita ma ba ta faɗa wa kowa ba, sai yayarta, don ta ari akushi mai kyau, tunda ba a ba baƙo tuwo a tsohuwar ƙwarya.

Abin da ba ka sani ba, abokina, a Gozaki ba a jin an yi baƙo a zauna. Kafin sati ya zagayo, akussa sun yi layi a gindin rumbu. Matar liman ta aiko da fura. Sarkin Noman Maguzawa ya aiko da tulun giya, na kau da kai kamar ban gani ba. Mata suka shiga gasar wadda baƙo zai suɗe wa miya, shi kuma Emeka mai kunya ne, ba ya mayar da saura. A hanya sai a gaishe ni, a rage murya, a ce yaya dawar.

Ranar da ka dawo ka ga wannan layi, fuskarka ta yi ja har kunne. Ka yi ta faɗa da yarenku, kana lissafa mana kaburburanmu. Tsohuwa Kande ta ɗauka yunwa ce, ta tura maka akushi.

Masu farautar sun zo, kana nan ka gani. Samari ne da gora da adda. Suka bi gida gida, garin da kowa ya sani, suka rasa mutum ɗaya da ya taɓa jin labari. Kande na zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, sai Emeka ya saki gyatsa daga ciki. Ta shafa cikinta, ta yi hamdala, ta ci gaba da ɓara.

Da ka samo motar auduga da za ta kai shi inda zai hau jirgi, muka ɗage jinka, ya fito da kai da kafaɗa, sauran ya ƙi. Muka ja, muka shafa man gyaɗa, direba na ta matsa oda. A ƙarshe na ɗauko gatari na fasa rumbun da ubana ya gina, Emeka ya gangaro tare da dawa, har da kumatu.

Kowa na dariya, na waiga na gan ka zaune a kan turmi kana kuka. Ka ce mini, "Waɗanda na ɓoye a can, da hannu ɗaya nake ɗaga su don rama. Su ne ma waɗanda suka fito da rai."

Tun ranar ban sake cewa kana cika baki ba. Emeka ya isa gida, ya yi 'ya'ya da jikoki. Ni kuma na tsufa ina kewarka, kai da tambayoyinka.

Allah ya saka maka da alheri a kan kowane rai da ka ɓoye, wanda ya fito da wanda bai fito ba. Allah ya sanyaya maka zuciya a duk inda kake.

Naka har kullum,
Nomau, Gozaki.