Sunan da Inna Ba Ta Taɓa Kamawa Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Nazarin Harsuna, a jami'ar da ta turo mana baƙo.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ni manomi ne a wani ƙauyen Hausawa kusa da Hasahisa a ƙasar Sudan, kuma da ɓacin rai nake rubuto maka.

Na ɗaya. Duktur ɗinku, wato malamin da kuka turo, ya zo mana lokacin cirar auduga. Ya ce yana bin sawun tsohuwar Hausar da kakanninmu suka taho da ita daga Sakkwato, kada ta mutu a bakin yaranmu da Larabci ya cinye. Muka yi murna. Ni da kaina na bar gona na kai shi wurin Inna, mahaifiyata, domin babu wanda ya kai ta Hausa a garin nan.

Na biyu. Ya nemi ta jero masa zuriyarmu, suna bayan suna. Da aka zo kan marigayi mijinta da ɗanta na fari, sai ta yi shiru. Mace a wurinmu ba ta kama sunan waɗannan biyun, kunya ce, kuma mutuncinta ke nan. Ni ne ɗan farin. Har na yi furfura "wancan" take ce mini. Duktur ya sa na fita, ya rantse mata na'urarsa ta ɗaukar murya kaɗai za ta ji. Ta faɗa.

Na uku. Ya dawo ya tara gari a filin makaranta, wai taron raya harshe, ya kunna lasifika. Ga liman, ga dangin mijinta, ga jikoki, sai muryar Inna tana kiran sunan Baba da nawa. Samari suka kwashe da dariya. Shi kuwa ko a jikinsa, yana ta yabon lafazinta. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, aka riƙo ta zuwa gida.

Tun ranar ba ta sake yi wa yara tatsuniya ba. Na lallashe ta, ta ce, "Halas, shi ke nan, wanga baki ya gama aiki nai." Yanzu jikokinta su yi mata Hausa, ta amsa da Larabci, ita da a da take korar yaro da muciya in ya yi mata Larabci. Wannan ce rayawar taku, ya Ustaz?

Ga buƙatuna. A goge muryarta duk inda kuka ajiye ta. Duktur ya tako da ƙafarsa, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ba ta haƙuri, ko Allah zai sa ta sake buɗe baki. Nawa kam ba ya gyaruwa. Na so in shiga kabari ban ji sunana a bakin uwata ba, kun hana ni.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya rufa wa taka mahaifiyar asiri.

Wassalam.

Ɗan farinta.