Kwanona a ciyayyar Baba Magaji

Laraba, bayan isha'i, Rimawa.

Wata biyu da tasowarmu garin nan noman albasa, kullum ni kaɗai nake cin tuwo a ɗaki, ina jiyo dariyar maza daga ƙofar Baba Magaji, inda kowa ke fito da kwanon gidansa a yi ciyayya. Yau na yi ta maza, na sa matata Hadiza ta zuba, na kai nawa.

Anka amsa sallama, anka matsa mini a tabarma. Kwano shida munka cinye, nawa yana gefena a rufe, ba wanda ya dube shi. In na mai da shi cike, mi zan ce ma Hadiza? Kafin hantsi matan unguwa sun ji an ƙi tuwonta.

Har an fara wanke hannu Baba ya ce, "Ɗana, mu ba mu miƙa hannu gaban mutum. Tsakiya ake turo kwano."

Na tura. Ya kai loma, ya ce:

"Ce ma ɗiyata gobe ta rage yaji."

Hadiza ta ce yajinta daidai yake. Amma ga ta can tana dakan daddawar gobe.