Ba Zan Hau Jirgi Ba

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jaririyar da ban gani ba tukuna. Wasiƙarki ta iso daga ƙasar taku mai sanyi, tare da littafin da kika aiko.

Littafin na karanta shi, don kada ki ce. Wani yaro ne da ko furfura bai fara ba ya zauna ya koya wa tsofaffi yadda ake tsufa cikin farin ciki. Wai in riƙa yi wa madubi murmushi kowace safiya. Na gwada, wanda na gani a ciki bai burge ni ba. Amma bai tashi a banza ba, kaurinsa ya yi daidai da guntuwar ƙafar teburina, yanzu tebur ya daina rawa. Na koma kan tarihin daulolin da suka rushe, wanda na tsira da shi ranar da aka kwashe ɗakin karatun da na ƙarar da ƙuruciyata a ciki, aka yanka shi shago-shago ana sayar da waya. Daɗin littafin shi ne duk wawayen da ke cikinsa sun riga sun mutu.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Kin ce in zo in ga jikata, tunda kuma na zo sai a ɗan duba mini cikin nan. Uwata, ni na haife ki. Tun da yayanki Manaja ya kai ni asibiti aka ɗauki hoton cikina, gidan nan ya canza. Matarsa, wadda a da sai na yi tari sau uku take tuna ina raye, yanzu ita ke fifita mini shayi. Yara sun daina buga ƙwallo a jikin tagata. Manaja da kansa ya zo ya zauna a bakin gadona yana tambayata labarin littafi, mutumin da rabonsa da karanta abin da ya wuce allon talla tun yana makaranta. Ruwa ba ya tsami banza.

Ambulan ɗin hoton da asibiti suka bayar yana cikin motarsa, ban ga ko bayansa ba. To ki ji da kyau. Ba kaya ba ne ni da za a ɗaure a auna a tura. Ba zan hau jirgi ba sai an faɗa mini abin da ke cikin jikina.

Ki shafa mini kan yarinyar. Allah ya raya ta.

Mahaifinki


Zuwa ga Babana,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Maigidan yana gaisuwa, jaririya kuma ta karɓi saƙonta, har ta yi gyatsa.

Haba Baba! Littafin da na yi yawon shaguna cikin sanyi na nemo shi ne ya zama ƙafar tebur? Ba komai, na yafe.

Baba, ka cika zargi. In ba a kula da kai ba ka ce an yar da kai, in an kula ka ce akwai wata a ƙasa. Gyambon ciki ne, likita ma ya faɗa maka da bakinsa. Kawai dai a nan akwai kayan aiki, kuma asibitin da nake aiki ba nisa da gida. Na gyara maka ɗaki mai taga babba, na sa kujerar karatu da fitila mai kyau. Akwai ɗakin karatu a ƙarshen layinmu, hawa uku, wanda ba wanda zai mayar shagon waya. In ka shiga sai an yi da gaske za a fito da kai.

Yarinyar nan goshinka ta kwaso, har da ɗaure fuskar. Ko don ka ga abin da ka jawo mana ai ka zo.

An riga an sayi tikiti, Yaya zai rako ka. Don Allah ka riƙa sa na'urar kunnen da na aiko, ko na samu in ji muryarka a waya. Na gaji da jiran gidan waya kamar mutanen da.

Ka huta lafiya.

'Yarka, Uwar taka


Uwata,

Sallama irin ta kullum. Na ga amsarki, kuma na yaba da rubutun. Ƙarya ce tsaf, ba kuskure ko ɗaya.

Tunda kin kawo zancen na'urar kunne, bari in huce miki gajiya. Tana cikin aljihun tebur, ko kwalinta ban yaga ba. Kunnena lafiyarsa ƙalau. Bayan rasuwar mahaifiyarku gidan nan ya cika da masu ba da shawara, wannan ya ce in yi aure, wancan ya ce in rage karatu, wani ya zo da labarin filin da yake so in sa baki. Wata rana ina tsakiyar shafi matar yayanki ta yi magana ban amsa ba, sai na ji ta ce, “Wayyo, Baba kunne ya fara tafiya.” Daga ranar aka ƙyale ni. Ban taɓa samun kyauta mai daɗin wannan ba, kuma ban yi nadamar karɓarta ba.

Saboda haka ina zaune a ofishin likita, hannuna bisa sanda, lokacin da ya dube ni ya dubi yayanki ya ce, “Ko za mu ɗan fita waje?”

Manaja ya ce, “Yi maganarka, likita. Ko ganga ka buga ba ya ji.”

Likita ya ce ƙari ne a hanta, kuma ba mai kyau ba. Ya ce sai an yanki ɗan tsoka an auna kafin a san inda ya kai. Yayanki ya ce, “In sakamakon ya fito ni za ka kira. Shi ka ce masa gyambo ne.” Sai bawan Allah ya sunkuyo dab da fuskata, yana warin man goge baki, ya kwarara ihu: “Baba, gyambon ciki ne! A rage yaji!” Na ce masa na gode. Daga baya aka yanki tsokar, wai gwajin gyambo ne.

Na kuma ji ki, Uwata. Ranar da yayanki ya ɗora waya bisa teburin falo ya buɗe murya, ina kujerar kusa da taga da littafina. Kika ce, “Ku dai ku kawo mini shi. In ya shigo hannuna ba zai dawo ba, a nan za a yi komai.” Matarsa ta ce, “To ɗakin nasa fa?” Ya ce, “Bari ya tafi tukuna.” Na ji kukanki ma, ba zan ɓoye wannan ba. Shafi ɗaya na yi ta kallo har kuka gama.

Na ba ku dama a wasiƙar farko. Na ce ko ɗaya daga cikin 'ya'yan da na koya wa karatu zai dubi idona ya gaya mini. Shiru. Ma'aikatar da na bauta wa ma haka ta yi mini, sai a bakin mai gadi na ji an sallame ni. Ita dai ba ni na haife ta ba.

Jiya na faɗa wa yayanki duk wannan a kan abinci. Cokali ya faɗi daga hannun matarsa, ina jin tana lissafin abubuwan da ta faɗa a gabana shekara da shekaru. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, yawancinsu gaskiya ne. Na shiga ɗaki na murza makulli. Na ce tunda ni kurma ne, mai magana ya rubuto.

Ki gai da maigidanki. Shi kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba, don bai taɓa ce mini komai ba.

Mahaifinki


Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa tare da neman afuwa. Na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa kamar yadda ka ce.

Baba, ban iya tsara magana kamarka ba. Na yi laifi, na karɓa. Amma ni ne na tsaya a kan Mama ranar da wani likita ya faɗa mata nata ciwon kai tsaye. Da ƙafarta ta shiga ofishin nan, a keke na turo ta waje. Daga ranar ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Kai kana wurin aiki, ƙanwata tana makaranta, ni na gani. Na yi wa kaina alkawari ba za a sake yi wa wani nawa haka ba. A ganina wani rashin sanin rahama ne.

Maganar ɗaki kuma, wallahi ba abin da kake zato ba ne. Cewa na yi a bari, don ba na son a taɓa shi.

Ka ce ba na karanta komai. Gaskiya ne. Amma tun da aka ɗauki hoton nan na karanta duk abin da na samu a kan hanta, har na fara gane kalmomin likitoci. Can suna da magungunan da babu a nan. Ina roƙonka ka buɗe ƙofa, ka ci abinci, mu tafi. In ka ga dama kada ka yi mini magana har mu sauka.

Allah ya huci zuciyarka.

Ɗanka


Zuwa ga ku biyu,

Assalamu alaikum. Na rubuta wannan sau biyu, ɗaya ta bi ƙarƙashin ƙofa, ɗaya ta bi gidan waya, don kada wani ya ce an fi shi.

Manaja, na karanta taka. Ita ce magana ta farko ta gaskiya da aka yi mini a gidan nan tun da aka fara wannan wasa, kuma na ji ta har cikin raina. Amma mahaifiyarku daban, ni daban. Kuma ka manta abu ɗaya: da ta sani, ta kira ƙannenta ta sallame su, ta yafe wa wadda suka yi shekaru ba sa ga-maciji, ta zaɓi ɗakin da take so ta kwanta. Kai ka ga keken, ni na ga wannan.

Da safe, bayan ka fita aiki, na sa rigata mai kyau na tari tasi na tafi asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta leƙa bayana ta ce, “Baba, ina mai rakiyarka?”

Na ce, “Mai ciwon ya zo da kansa. Wa kuma ake jira?”

Da likita ya gan ni ya cika ƙirji da iska zai fara ihu, na ce, “Sassauta, ɗana, ba a tasha muke ba. Ƙarin da ke hantata, an auna?”

Ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa laka. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. Ya ce sakamako ya fito, yana shirin kiran ɗana.

Na ce, “Hantar ɗana ce?”

Ya ce a'a.

Na ce, “To juyo da takardar nan ta fuskance ni.”

Na yi masa tambaya uku: ina ya kai, me za a iya yi a nan, me ƙasar waje za ta ƙara mini in na je. Ya amsa duka, bai yi kwana ba, har da zane a bayan takarda. Yaron ya san aikinsa, tsoron iyalai ne ya lalata shi. Kafin in tashi na tambaye shi, a ƙa'idar aikinsu, wa ke da ikon jin wannan magana. Ya ce mai jikin, sai wanda mai jikin ya yarda. Na ce to ban yarda da kowa ba. Ya rubuta a fayil ɗina da jan biro, ina kallo. Manaja, kada ka wahalar da motarka, likitan ko shayi ba zai karɓa daga hannunka ba.

Daga can na biya na sayi lemo na zauna a bencin bakin titi na sha, ina kallon mutane suna ta sauri. Rabon da in ji daɗin lemo haka na manta.

Na buɗe ƙofa, ina cin abinci, ina shan abin da aka rubuta mini. Tikiti kuma ku san yadda za ku yi da shi.

Mahaifinku


Baba,

Sallama.

Yaya ya je asibiti, likita ya ƙi ko buɗe baki. Na kira shi da kaina, na faɗa masa ni ma ma'aikaciyar lafiya ce, ya ce in tambayi mahaifina. Baba, ban san ko wata nawa ba ne, ko shekara, ko ma abin ya zo da sauƙi. Ina ba yarinya nono ina kuka. A wurin aiki sai in tsaya da allura a hannu in manta wa zan yi wa.

Na yi maka ƙarya, na tuba. Don girman Allah ka rubuto mini ko layi ɗaya ne. In tafiyar tana da amfani ka faɗa, in ba ta da shi ka faɗa.

'Yarka


Uwata,

Wa'alaikis salam. Na yafe miki, na yafe wa yayanki.

Amma ba zan rubuta ba. Yayanki ya ce rashin sani rahama ne, to ga shi kun ɗanɗana, kwana kaɗan ma kun kasa. Ni a haka kuka so in ƙare.

Jirgin da zai kai ni shi ne zai iya kawo ki. Ki ɗauko yarinyar ki zo, ki jawo kujera ki zauna gabana, ki tambaye ni da irin muryar da ake yi wa mai hankali magana. Zan faɗa miki duka, ba zan rage ko kalma ba. Daga nan sai mu yi shawara, ni ma ina ciki.

Kada ki daɗe.

Mahaifinki