Ɗan Farin Nuriyya

Garin Isa

Zuwa ga Anti Binta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya masu jiki na asibitinku?

Anti, yau kam na samu abin rufe miki baki. Kin daɗe kina cewa mayar da jinyar yara gida dabarar manya ce don gado ya samu sarari. To ga Jamaluddeen, yaron ƙauyen Tozai da sanƙarau ya bari ba ya iya haɗiya. Mun sa mishi robar hanci, na zaunar da uwarshi Nuriyya na koya mata zuba kunu da sirinji. Wallahi hannunta ya fi na wasu masu fararen kaya! Na ja mata kunne, ko ruwa kada ya bi ta baki, shaƙewa za shi yi. Mun sallame su. Yaro cikin danginshi, mi ya fi wanga daɗi?

Ki gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarki,
Mas'uda

Sabon Birni

Mas'uda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, da fatan kuna haka.

Ban taɓa cewa gida ba shi da amfani ba. Na ga yaran da sunka ƙi abinci hannunmu, sunka karɓa ɗakin uwarsu. Abin da nake cewa, masu koya muna wanga tsari kullum uwa suke ambato, kamar ita ke da gidan.

Ki amsa mini. Yaron nan na nawa ne gare ta? Ɗakin wa yake kwana? In ɗan fari ne, ki nemi babur ki tafi Tozai.

Allah shi taimaka.

Binta

Isa

Anti,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da shiruna, raina ne a ɓace.

Ɗan fari ne. Masu babur sun ƙi bin dajin saboda hanya ta lalace, sai ranar kasuwar Bafarawa na bi ayari. Na iske yaro ɗakin kakarshi Inno, uwar miji, roba kuwa an zare ta an rataye ga ƙusa. Gabana ta shimfiɗe shi bisa ƙafafunta, ta toshe mishi hanci, ta hau yi mishi ɗura. Na riƙe mata hannu. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, da ɗura na raini ubanshi. Jikana ba fitila ba ne da za a zuba mishi abinci ta tiyo."

Nuriyya na bakin ƙofa, kai ƙasa. Na ja ta bayan rumbu na ce ina abin da na koya miki? Ta ce, "Malama, na fari ne fa. In buɗe baki kanshi gaban Inno, a ce ba ni da kunya?" Ko sunanshi ba ta faɗi, sai dai yaron nan.

Ƙirjinshi ya riga ya fara kurari, jiki zafi rau. Na roƙa a ba ni shi mu koma asibiti. Uban, Na'Allah, ya kai kaya Nijar, Inno ta ce ba mai fita sai ya dawo. Na mayar da roba, na koya ma Inno, tana kallona tana taunar goro.

Haushin kowa nake ji, Anti. Na Inno, na Nuriyya, da na masu tara mu bita ɗaki mai sanyi suna ta iyali, iyali, ba wanda ya ce a fara da kaka.

Ki sa mu addu'a.

Mas'uda

Isa

Anti,

Salam. Ya rasu kafin uban ya iso.

Na je gaisuwa. Inno ta ce kwana ne ya ƙare. Nuriyya na ta raba ma baƙi ruwa, ido a bushe, mata na yaba kunyarta. Da za ni tafi ta biyo ni zaure, ta miƙo mini sirinjin a wanke, naɗe cikin ƙyalle. Ta ce, "Ai na iya, ko Malama? Jamaluddeen bai taɓa shaƙewa hannuna ba."

Ranar na fara jin sunanshi bakinta.

Don Allah kada ki rubuto cewa kin faɗa. Na sani.

Ƙanwarki,
Mas'uda