Tauraron da Ba a Rubuta wa Suna Ba

Koki, Birnin Kano
9 ga Fabrairu, 1955

Zuwa ga Malam Ilu Bichi, Ikoyi, Ikko.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai takardarka ta iso hannuna, na karanta, na kuma fahimta.

Ka ce tare kuka yi aikin zuba kwal a jirgin yaƙin Ingila da yaron gidan nan, har ranar da Jamusawa suka nutsar da jirgin cikin shekarar 1942, kai Allah ya yi da sauran kwananka. Ka ce yanzu kana aikin kuku a gidan wani Bature, tsohon hafsan jirgin ruwa, mai sha'awar tara lambobin yabo na sojan ruwa. A cikin waɗanda ya saya hannun wani ɗan koli ne ka ga kwali mai sunan jirginku, an rubuta "Kano" a kai, yadda Turawan jirgi suke kiran yaron. Na gode da ka nemo ni. Abin da ya zo mana a wancan lokaci gajeren saƙon waya ne kurum. Babu gawa, babu kabari, babu ko hularsa.

Ka nemi in aiko da cikakken sunansa. Kai Bahaushe ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba. Ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Laƙabin da ka san shi da shi, shi 'yan gida suke kiransa, ina ganin ya wadatar.

Idan babu takura, ka siffanta mini lambobin. Neman sani ne kawai.

Allah ya saka da alheri. Wassalam.
Malam Sabo, mai duba makarantu

Ikoyi, Ikko
24 ga Fabrairu

Zuwa ga Baba Malam Sabo.

Gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, da fatan mutanen gida duk suna lafiya. A yi haƙuri da rubutuna. Ɗanka Baffa ne ya koya mini boko a bayan tukunyar jirgi, da guntun kwal a jikin ƙarfe, in ka ga layi ya karkace laifin igiyar ruwa ne.

Baba, lambobin nan, wato minda, guda uku ne. Biyu taurari ne na tagulla masu tsini shida, ɗaya kuma fara ce da kan Sarkin Ingila. Wadda ta fi kyau ƙyallenta shuɗi da fari da kore, launin yana shiga cikin juna kamar ruwan teku da safe. Na juya su ciki da bai, babu suna ko ɗaya. Maigidana Mista Harkwel ya ce na wannan yaƙin haka aka buga su, shi ya sa yake wahalar da kansa neman masu su. Yana da kabad mai gilashi ya cika bango guda, kowace minda da ɗan katinta a ƙasa, sunan mutum da na ubansa da garinsu. Ran Lahadi in baƙi sun ci sun ƙoshi, sai ya ja su gaban gilashin yana karanto musu sunaye ɗaya bayan ɗaya, kamar malami da rajista. Miyata har ta huce ba ya gamawa.

Bakina ne ya ja mana. Da ya tambaye ni sunan mai su na ce masa Baffa, ya ɗauki alƙalami, sai na ƙara da cewa ai wannan ba sunan yanka ba ne. Ya ajiye alƙalami. Ya ce to na yankan yake so, kuma da hannun uban, don 'yan koli sun sha kawo masa iyayen haya. Na yi masa bayanin ɗan fari har da rantsuwa, ya ce shi bai taɓa jin uban da ba ya iya faɗin sunan ɗansa ba. In ka rubuto, zai sa lambobin a gidan waya su zo maka Kano. In ba ka rubuto ba, watan Afrilu zai koma Ingila gaba ɗaya, zai tafi da su, ya rubuta a katin: ba a san shi ba.

Akwai abin da Baffa ya sha gaya mini. Ya ce ranar da zai bar Kano kowa ya raka shi tasha ban da kai. Da suka fita Ƙofar Nassarawa ya waiwaya, sai ya hango ka a gindin ganuwa, ka riƙe littafi kamar kana duba wani abu. Ya ce, "Malam bai ɗago ba, amma littafin a rufe yake." Yana faɗa yana dariya.

Ka huta lafiya. Ɗanka,
Ilu

Koki, Birnin Kano
13 ga Maris, 1955

Zuwa ga Malam Ilu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa, na sami taka, na gode da siffantawar. Jinkirin amsa daga gare ni ne, ba daga gidan waya ba.

Maigidanka ba shi da laifi. Da ni ne a matsayinsa, sharaɗin da zan kafa ke nan. Sai dai ina so ka san irin abin da yake nema. Na yi karatu a Kwalejin Katsina, na koyar da yara, yanzu ina duba masu koyar da su. Sunayen 'ya'yan mutane da hannun nan ya rubuta ba su ƙirguwa. Shekarar da yaron ya zauna a ajina, wani malami na sa ya rubuta rajistar, idan kuma ina kiran suna na iso kansa, sai in dubi benci, in sa alama, in wuce. Yara ba su taɓa tambaya ba, domin kowa ya sani.

Tun zuwan takardarka nakan zauna a zaure bayan la'asar da takarda a gabana. Nakan rubuta gaisuwa, in rubuta dalili, in iso gurbin, tawada ta bushe a bakin alƙalami. Na san babu ayar da ta hana ni, na san babu hadisi. Na faɗa wa kaina wannan da Hausa da Larabci da Turanci, hannun bai ji ko ɗaya ba.

Na yi tunanin in sa ƙanena Ɗantani ya rubuta in sa hannu. Amma dole sai na gaya masa dalili, dalilin kuwa ya fi sunan nauyi: wai Malam Sabo, da furfurarsa, yana bin kayan ɗan fari har Ikko. Ranar da saƙon rasuwar ya zo, mutane sun cika zauren nan suna ta'aziyya, ni kuwa ina tambayarsu lafiyar iyali. An yaba mini ƙwarai. Har yau idan an yi wa wani rashi a Koki, akan ce ya yi koyi da ni. Uwarsa Hajo ta tuƙa tuwon baƙi da hannunta ranar. Ban taɓa ganin hawayenta ba, ita ma ba ta ga nawa ba, muna gida ɗaya, kowa yana tsaron kunyar ɗan'uwansa.

Mahaifiyata 'Yardada ce kaɗai take da bakin zancensa. Da yake sunan mijinta ne, Maigida take ce masa, takan zauna a tsakar gida tana yi masa tsiya, wai ya tafi yawon teku bai bar mata cefane ba. Nakan tsaya a soro ina gyara rawani har ta gama. Ta rasu bara da damina. Tun daga nan ba a sake ambatonsa a gidan nan ba.

Ko da lambobin sun zo, ban san inda zan kai su ba. Ba na iya rataye su, ba na iya nuna wa Hajo ba tare da na ce na wane ne ba.

Game da Ƙofar Nassarawa, aiki ne ya bi da ni ta wajen ranar. Ban san ya gan ni ba.

Ka roƙa mini maigidanka ɗan lokaci. Wassalam.
Malam Sabo

Ikoyi, Ikko
2 ga Afrilu

Baba Malam,

Gaisuwa da ladabi. Kafinta ya zo, an kwashe gilashin, ana ta buga akwatuna da ƙusa. Kwalin Baffa kaɗai maigida ya bari a kan tebur, da farin kati a gefensa. Ya ce in akwatin ƙarshe ya rufe, shi ke nan.

Baba, ka gafarce ni in na wuce gona da iri. Ni ma ɗan fari ne. Tsohona har ya koma ga Allah "kai wannan" yake ce mini, ban taɓa jin haushi ba. To amma ni ina nan, mutane suna kirana ina amsawa. Shi Baffa ba mai kiransa. A jirgi Kano ne, a gida Baffa ne, ni da na kwana kusa da shi ban san sunan da zan sa a addu'a ba.

Ɗanka,
Ilu

Koki
8 ga Afrilu, 1955

Ɗana Ilu,

Assalamu alaikum. Ka gaya wa maigidanka kada ya aiko da lambobin. A nan ƙasan adaka za su shiga, ba za su ƙara fitowa ba. Ya tafi da su Ingila, ya mayar da su cikin gilashin, ya riƙa karantawa ran Lahadi tare da na sauran. Ga abin da zai sa a katin, da hannuna:

Yunusa ɗan Sabo, na Koki, Birnin Kano.

Kafin ka miƙa masa, ka karanta shi a fili sau ɗaya, a hankali, don ya ji yadda ake faɗa. Turawa sukan karya suna.

Ban sake duba takardar nan ba. Idan da kuskure, ka gyara.

Allah ya yi maka albarka.
Sabo